Amsar Tambaya: 'Yan Kwikwiyon da Ake Yarwa

TAMBAYA: Ni manomi ne a Lugu. Tun ina saurayi nake tsintar 'yan kwikwiyon da ake yarwa a bayan gari ina rainonsu. Yanzu sun yi yawa, maƙwabta na ƙorafi, uwargida kuma ta ce hatsi ba ya isa. In daina?

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri. Kada ka daina, hadisi ingantacce ya nuna an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sai dai tausayi na buƙatar tsari.

Fara da rigakafi. Je ofishin kiwo na Dogon Dutsi a yi musu allurar haukan kare tun suna wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara. Ka nemi a dandaƙe mazan.

Riƙe biyu ko uku. Sauran ka ba makiyaya, mafarauta da masu garka da ka yarda da su, addini ya halatta kare don waɗannan ayyuka. Waɗanda ka riƙe, ba su dusar gero da ƙanzon tukunya, da ruwa a kasko a inuwa.

Kada ka taɓa karen da ke dalalar da miyau yana cizon duk abin da ya tarar. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu minti 15, a garzaya asibiti ranar.

Ɗaure karnukanka lokacin da yara ke wucewa, ka kuma zauna da maƙwabta ku fahimci juna. Haƙƙinsu yana gaba da na kare.