Samar da Kaya Kashi-Kashi a Sana'o'in Matan Yasore: Misalin Man Gyaɗa da Ƙuli-Ƙuli

1.0 Gabatarwa

Masana harkar kasuwanci sun bambance hanyoyi uku na samar da kaya: yin abu ɗaya bisa buƙatar mai saye, kamar ɗinkin babbar riga; aikin masana'anta da ba ya yankewa; sai kuma yin kaya kashi-kashi, inda ake ɗaukar wani adadi a bi da shi kowane mataki tare, a kammala kafin a ɗora wani. Wannan maƙala ta dubi hanya ta uku a ƙasar Yasore, yankin Batsari da Safana, inda ta daɗe a hannun mata tun kafin a ba ta suna a littattafai.

2.0 Yadda Aikin Yake

Mai ƙuli-ƙuli kan auno gyaɗa tiya kaza, ta soya a kasko, ta murje, ta fece, ta kai niƙa. Daga nan ta zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa har mai ya taso. Tunkuzar da ta rage ita ake mulmulawa a soya cikin man da aka tatsa. Kashi ɗaya ke nan ya ba da haja biyu, kuma kuɗin niƙa da itace sun rabu a kan kaya masu yawa. Binciken Polly Hill a Batagarawa (1972) ya nuna muhimmancin irin wannan sana'a ta cikin gida, wadda yara ke kai wa masu saye ta hanyar talla.

Abin lura shi ne, ba girman kasko kaɗai ke yanke yawan kashi ba. Jari da ranar kasuwa sun fi shi tasiri, domin da cinikin wannan mako ake auno gyaɗar na gaba.

3.0 Raunin Tsarin

A nan haɗarin yake: jari duka yana cikin kashi ɗaya. In suya ta ƙone, ko kasuwa ba ta ci ba, aiki ya tsaya. A 2021, saboda ta'addancin 'yan bindigar dajin Rugu, gwamnatin Katsina ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin Batsari da Safana, aka kuma katse layukan waya. Dokar ba ta ambaci ƙuli-ƙuli ba, amma kasuwar da 'yan tike suka ƙaurace wa takan rasa masu saye, mai tuya kuwa sai ta rage tiyoyi ko ta karɓi gyaɗa bashi.