Gwajin Jinin da Ke Hango Ciwon Suga

Tambaya: Mahaifiyata na fama da ciwon suga. Na ji akwai gwajin microRNA da ke nuna wanda zai kamu. Ina ake yinsa? Daga wata mai karatu a Isa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Maganar tana da tushe. MicroRNA wasu ƙananan sinadarai ne da ke yawo cikin jini. Binciken garin Bruneck na Italiya, wanda aka wallafa a 2010, ya gano ɗayansu, miR-126, yana raguwa shekaru kafin ciwon ya bayyana. Amma har yau a matakin bincike abin yake, likitoci ba su dogara da shi ba, don haka kada wani ya karɓi kuɗinki da sunansa.

Tunda ciwon na gidanku, je babban asibitin Isa ko na Sabon Birni da sassafe, kafin ki sha koko, a auna sugan jininki. In ya kai 126 mg/dL, a sake aunawa wata rana. Akwai kuma gwajin HbA1c, mai nuna yanayin suganki na wata uku, sai dai in kina da sikila ki faɗa wa likita, domin tana rikita sakamakon.