Falle Na Gwaji: Yadda Ake Koyon Zane A Kan Ƙarfe

Wanda ya yi kuskure a allo sai ya wanke, amma abin da aka yanka a jikin ƙarfe ya zauna ke nan. Saboda haka mai koyon wannan sana'a ba ya fara taɓa azurfar mutane. Sai a ba shi ɗan fallen jan ƙarfe, kamar faɗin tafin hannu, ya yi ta ɓatawa. An zaɓi jan ƙarfe don ya fi tagulla taushi, kuma ya fi azurfa araha.

Abin aikin wani ɗan tsinken ƙarfe ne mai tauri, da ƙota ta itace wadda ke zama cikin tafin hannu. Ba a bugunsa da guduma, turawa ake yi. Darasi na fari kuwa washi ne. A kan goga bakinsa a dutse da ɗan mai, a karkace wajen digiri 45, har ya kama farce idan an ɗora, bai zame ba. Baki mai dakushi shi ke sa mutum ya ƙara ƙarfi, daga nan sai tsinken ya kubce.

In an sami kaifi, sai layi miƙaƙƙe. A jera su kusa da juna, zurfinsu ɗaya, har falle ya cika. Ku dubi ɗan zaren ƙarfen da ke fita gaban tsinken: in yana naɗewa da kauri ɗaya, hannu ya daidaita, in ya yi kauri, an nutsa da yawa.

Wurin lanƙwasa ne kowa ke shan wuya, ni ma na sha. Hankali yana ba mutum ya juya tsinken, alhali kuwa fallen ake juyawa. A kan ɗora shi bisa matashin fata cike da rairayi, hannun dama ya tsaya, hagu ya riƙa kewayo da ƙarfen yana kai shi bakin tsinke. Ban yarda da wannan ba sai ran da na karɓi zoben wani abokina, tun ban cika falle uku ba. Tsinken ya zame, ya tsaga zoben, ya shige mini ɗan yatsa. Yatsa ya warke, zoben kuwa sai da na biya.

Kada wani ya ga wannan ƙasƙanci ne. Albrecht Durer na Jamus, wanda aka haifa a 1471, har yau ana mamakin zanensa a kan jan ƙarfe, amma a maƙerar ubansa, maƙerin zinariya, ya fara koyo yana yaro, kafin ya koma wurin mai zanen sura a 1486.

Shawarata ita ce kada ku yar da fallen da kuka ɓata. Ku yanka kwanan wata a bayan kowanne, ku adana. In an yi wata uku ku fito da na fari ku aza kusa da na ƙarshe. Sa'an nan ku shiga haruffa, ku fara da masu miƙaƙƙun layi irin su L da T, ku bar S sai daga baya.