Yawan Jama'a da Haƙƙin Mai Goyo a Musulunci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ran 15 ga Nuwamba, 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwa cewa mutanen duniya sun kai biliyan 8, alhali kuwa wajen 1974, sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Tiga, rabin haka suke. A ƙidayar 2006, Jihar Kano kaɗai ta haura mutum miliyan 9. Manomin Rurum Sabon Gari, a ƙasar Rano, ya san wannan tun kafin a faɗa masa, domin gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne ke rabon ta kunya-kunya. To, shin mene ne hukuncin Musulunci a kan wannan al'amari?

Da fari dai, arziki na Allah ne. Suratul Isra'i, aya ta 31, ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa bai halatta hukuma ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, kuma haramun ne a kashe haihuwa ɗungum ba tare da larura ba. Amma majalisar nan ta halatta ba da tazara tsakanin haihuwa, muddin miji da mata sun yi shawara sun yarda, kuma hanyar ba ta da cutarwa.

Dalili kuwa shi ne, Suratul Baƙara, aya ta 233, ta sanya cikar shayarwa shekara 2, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata 24 ta ba da shawara a jira bayan haihuwa kafin sabon ciki. Iyayen da can sun san haka, shi ya sa suke gudun kwanika, watau ciki a kan goyo, wanda kan janye nono, yaro ya rame, uwa jininta ya ƙare. Hadisin Jabir, Allah Ya yarda da shi, ya nuna sahabbai sun yi azlu zamanin Annabi ba a hana su ba. Imamu Malik kuma ya shardanta izinin matar, domin ita ma tana da haƙƙi a cikin haihuwa.

Nan ne ilmin mata ya zama wajibi, gama wadda ba ta san haƙƙinta ba, yaya za ta ba da izini ko ta hana? Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa 'yan taru don karantar da matan karkara.

Saboda haka ya kamata maigida ya bar iyalinsa ta je awon ciki asibiti, ya bar ta ta huta har ta yaye, ya kuma sa 'yarsa makaranta kamar yadda ya sa ɗansa. Ranar Lahira kowane makiyayi abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Allah Ya sa a dace, amin.