Filin Shawara: Gwiwa ta hana ni wasa, Yaya kuma yana so in zauna shago

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan mako, daga Maraɗi da Tibirin Gobir da Jiratawa, kuma dukansu sun taɓo ƙwallon tanis. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu su.

WASIƘA TA FARKO

Gwaggo, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan Maraɗi ne, shekaruna 35. Tun ina ƙarami aka kai ni Yamai wurin kawuna, can na fara tsintar ƙwallo a filin tanis ana ba ni na goro, har na koyi wasan. A wasan ɗai-ɗai ban taɓa yin suna ba. Inda Allah ya ba ni sa'a shi ne wasan bibbiyu, wanda mutum biyu ke karawa da mutum biyu. Ni da abokina mun ɗauki kofuna a gasannin gida. Bara gwiwa ta tasa ni gaba, likita ya ce in haƙura da gasa, na dawo gida. Yayana yana da shago a babbar kasuwa, ya ce in zo in riƙe masa, wai wasa na yara ne, ni kuma mai iyali ne. Gwaggo, raina yana kan koyar da yara tanis. Amma wa zai kawo ɗansa wurin wanda bai taɓa zama zakara shi kaɗai ba? Ko abokan wasa sukan ce ɗan bibbiyu rabin ɗan wasa ne. Ina mafita?

Ɗanki mai neman shawara, Maraɗi.

AMSA

Ɗana, Allah ya ba gwiwa lafiya. Tambaya biyu ka ƙulla wuri ɗaya: ko ka isa ka koyar, da kuma ko koyarwar za ta ci da gidanka. Bari mu kwance su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ba ta da wuya. Akwai wani ɗan Afirka ta Kudu, Jeff Coetzee, wanda duk kofunan da ya ci a manyan gasannin duniya na bibbiyu ne, guda 6, kuma a wasan ɗai-ɗai ba a san shi ba. Da ya ajiye raket sai ya zama mai horar da ƴan Kolombiya biyu, Juan Sebastián Cabal da Robert Farah. A hannunsa suka ci Wimbledon ta Ingila da babbar gasar Amurka a shekarar 2019, suka zama na ɗaya a duniya. Kofin da bai taɓa ɗagawa da raket ba, ya ɗaga shi da baki da ido. Haka Darren Cahill na Ostareliya: kofunansa na bibbiyu 13 ne, na ɗai-ɗai 2 kacal, kuma gwiwa ce ta fitar da shi fili kamar kai. Shi ne ya horar da Lleyton Hewitt da Andre Agassi da Simona Halep, kowannensu ya hau matsayin na ɗaya, daga baya kuma ya shiga cikin masu horar da Jannik Sinner na Italiya.

Ba sa'a ce kawai ba. Ka tuna abin da ka yi shekaru kana yi. Kafin kowane bugu kai da abokinka sai kun yi shawara: ina za a aika ƙwallon, wa zai tsallaka, wa zai tare baya. Kana tsaye bakin raga kana yi masa alama da yatsu a bayanka. Ka san lokacin da hannunsa ya fara rawa tun kafin shi ya sani. Ka san ranar da za ka yi masa magana da ranar da shiru ya fi. In ya zubar da bugu mai sauƙi, ka koyi haɗiye fushi ka miƙa masa hannu, domin wasan bai ƙare ba. To, ɗana, aikin koci ke nan tsaf. Zakaran da bugu ya zo masa kyauta daga Allah sau da yawa ba ya iya faɗa wa yaro yadda yake yi, don bai taɓa tsayawa ya duba ba. Kai kuwa rayuwarka ta wasa duka a duban wasan wani ka yi ta.

Rainin da ake yi wa ɗan bibbiyu daga aljihu ya samo asali. A Wimbledon ta 2024 zakaran ɗai-ɗai ya karɓi fam miliyan 2.7, zakarun bibbiyu kuwa fam 650,000 aka ba su, su raba biyu. Wannan bambancin kuɗin kallo ne da na talla, ba ma'aunin sanin wasa ba ne.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, kuma a nan ba zan ba Yayanka laifi ba. Maraɗi garin kokawa ne da ƙwallon ƙafa. Filin kokawarmu sunan Kantu yake ɗauke da shi, wanda ya fara cin takobin ƙasa a Tawa a 1975, kuma duk yaron da ya taso a nan ya san abin da takobi yake nufi. Tanis ba ta da wannan gata. Babu iyayen da suka yi layi suna jiran ka. Kai za ka nemo ɗaliban, kai za ka nemo filin, kai za ka koya wa gari wasan kafin ka koya wa yaro. Wannan aikin shekaru ne, tukunya kuma kullum take son a ɗora ta.

Don haka kada ka zaɓi ɗaya ka yar da ɗaya a yanzu. Zafin Maraɗi da kansa ya raba maka lokaci: ba mai koyon tanis da tsakar rana. Darasi bayan asuba ne da bayan la'asar, da Asabar da Lahadi, da lokacin hutun makarantu. Tsakanin nan kana shago. Fara da matarka, ta ji daga bakinka kafin kowa. Sannan ka samu Yaya, ba a bakin shago ba, a gida, gaban wani babba da yake jin nauyinsa. Ka ce masa ka karɓi shagon, amma ku yanke abin da zai riƙa ba ka a wata da awannin da za ka zauna, kuma ya ba ka shekara ɗaya ka gwada koyarwa a gefe. Ku faɗi abin da za ku duba in shekarar ta cika: yara nawa, kuɗi nawa ke shigowa. Ɗan kasuwa yana fahimtar lissafi fiye da buri.

Sai takarda. Iya wasa daban, shaidar koyarwa daban. Ka tuntuɓi hukumar tanis ta ƙasa a Yamai ka tambayi kwas ɗin masu horarwa na hukumar tanis ta duniya, ITF, wanda yake farawa da matakin koyar da sababbin shiga kafin mataki na ɗaya. Hukumar tana da darussa a intanet, har da na Faransanci, da za ka iya bi ta waya. Wannan takarda ita za ka nuna wa shugaban makaranta, ita ce kuma za ta buɗe maka ƙofar neman taimakon kayan wasa.

Kada rashin babban fili ya tsayar da kai. Cikakken fili tsawonsa mita 23.77 ne, amma yara ƙanana ba a cikinsa ake fara musu ba. Tsarin da ITF ta kawo na ƙwallo ja da ruwan lemo da kore ya sa ana fara wa yaro da jar ƙwallo mai laushi, a fili mai tsawon mita 11 ko kusa da haka. Farfajiyar makaranta mai shafaffen ƙasa, da igiya, da farar ƙasa ta zana layi, sun ishe ka. Makarantu masu zaman kansu su ne ƙofarka ta farko.

Kuma ka sa kuɗi tun ranar farko. Wanda ya fara kyauta da wuya ya iya karɓa daga baya. Ɗan mai hali ya biya a wata, ka buɗe littafi ka rubuta. Sannan ka ware gurbi biyu ko uku ga yaran da iyayensu ba su da shi, tunda kai ma da tsintar ƙwallo ka shigo. In Allah ya sa wasu suka yi ƙarfi, Kano ba ta yi mana nisa ba, kuma can ake yin gasar Dala, inda za su ga manyan ƴan wasan Najeriya da idonsu.

WASIƘA TA BIYU

Gwaggo, ina da ƴa mai shekara 11. Malamin wasanni na makarantarsu ya ce tana da hannu, ya kamata a kai ta wurin wani koci a Maraɗi ta koyi tanis. Ita ma ta ƙwallafa rai. Mahaifinta bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma dangin mijina sun ce wasan tsiraici ne, ga shi kocin namiji ne. Ba na son in kashe mata gwiwa, ba na kuma son abin magana.

Uwar yarinya, Tibirin Gobir.

AMSA

Ƴata, damuwar dangin mijinki ba ta banza ba ce, amma kowace tana da magani.

Maganar sutura: gajeren siket da ake gani a talabijin al'ada ce ta masu wasan, ba sharaɗin koyo ba ne. Yarinya za ta iya wasanta da dogon wando da riga mai hannu da ɗankwali ɗaure tamau. Ki kuma sanar da su cewa ƴaƴan Musulmi sun yi nisa a wannan wasa. Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda mahaifiyarta ce ta fara kai ta fili tana ƴar shekara 3, ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023. Sania Mirza ta Indiya ta zama ta ɗaya a duniya a wasan bibbiyu na mata a 2015.

Maganar koci ita ce ta fi muhimmanci, kuma a nan kada ki ji kunyar kowa. Ke da mahaifinta ku je ku gan shi da kanku. Ku tambayi takardarsa, ku tambayi iyayen sauran yaran. Darasi ya kasance a fili buɗaɗɗe, cikin rukuni, da rana. Daga Tibiri zuwa Maraɗi ba nisa, amma kada ta taɓa tafiya ita kaɗai: ke, ko yayanta, ko ƙanwar mahaifinta. Duk wani saƙo na koci ya biyo ta wayarku. Kocin kirki zai yi murna da waɗannan sharuɗɗa. Wanda ya ɓata rai, ko ya fara yi muku alkawarin Turai tun yarinya ba ta iya riƙe raket ba, ku juya.

Shirun maigida kuma kada ki ɗauke shi izini. Ki nemi amsarsa a fili, domin shi ne zai tsaya gaban ƴan'uwansa. Ku gwada wata uku, da sharaɗin in makin makaranta ya sauka, raket ya huta.

WASIƘA TA UKU

Gwaggo, ni ɗalibi ne a jami'a a Maraɗi. Ina wasan bibbiyu da abokina na ƙuruciya, tare muka tashi a lambunan Jiratawa. Duk ranar da aka ci mu sai ya ɗora mini laifi gaban mutane. Wani ya nemi mu haɗu, kuma ya fi shi iyawa. In na bar shi, na ci amana?

Ɗan Jiratawa.

AMSA

Ɗana, canza abokin wasa ba cin amana ba ne. Leander Paes da Mahesh Bhupathi na Indiya sun kai wasan ƙarshe a manyan gasanni huɗu na duniya a 1999, suka ci biyu, amma daga baya suka rabu. Mark Knowles da Daniel Nestor sun ci gasar Faransa a 2007, kuma ƙarshen shekarar kowa ya kama gabansa. Cin amana shi ne ya ji labari a bakin wasu, ko ya zo fili ya tarar da kai da wani.

Amma dalilinka biyu ne, kuma ɗaya ne kawai ka faɗa da ƙarfi. Shin tsawarsa ce ta kore ka, ko iyawar wancan ce ta ja ka? In tsawar ce, ka taɓa gaya masa? Ka same shi ranar da ba wasa, ka ce gyara kana so, amma ku biyu, bayan an tashi. Ka ba shi gasa ɗaya. In ya sake, ka faɗa masa da bakinka cewa a fili kun rabu, a gida kuna nan. In kuwa iyawar wancan ce, ka faɗi gaskiya haka nan, kuma ka shirya: wanda ya fi abokinka iyawa mai yiwuwa ya fi ka, ranar da aka ci ku kuma kai ne za a kalla.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai wasiƙa ya rubuto a taƙaice, ya faɗi garinsu.

Taku, Gwaggo.