Amsar Tambaya: Daga Ina Zan Fara Koyon Python?

Tambaya: Malam, ina son koyon Python, amma bidiyoyin YouTube sun rikita ni. Me zan fara kamawa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yana da sauƙin karantawa. Sauke Python 3, domin an daina kula da Python 2 tun 2020.

Fara da sanya wa bayani suna: idan ka rubuta kudi = 500, ka adana lamba ke nan. Amma 500 da "500" ba ɗaya ba ne, na biyun rubutu ne, kuma haɗa su da alamar + zai jawo kuskure. Daga nan sai if don yanke hukunci, for don maimaita aiki, def don tattara aiki ka riƙa kiransa da suna.

Ka kula sosai da tazarar farkon layi. Ita ce ke nuna layukan da ke ƙarƙashin if ko for, kuma al'ada tazara huɗu ce. A nan sababbi suka fi tuntuɓe.

Kada ka kwafi abin da ba ka fahimta ba. Kullum ka rubuta ɗan shiri da hannunka, ko na lissafin cinikin shago ne.