Gandun Gadabeji da gonakinmu: abin da mutanen Japan suka gwada a Nijar

Ƴan uwa manoma da makiyaya, darasinmu na wannan karo a kan gandun daji ne. Idan mutum ya tashi daga Dakwaro ya nufi arewa, ya haye kwarin Tarka, zai isa Gadabeji, a ƙasar Bermo. An keɓe wannan gandu a shekarar 1955. Faɗinsa hekta 76,000 ne. A cikinsa an hana farauta, an hana saran itace, an hana noma.

Dattawa sun san Gadabeji da barewa da jimina da mariri da raƙumin dawa. Farauta da fari, musamman na 1973 da na 1984, suka share yawancinsu. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a Afirka ta Yamma, dukansu a wajen Kure, kusa da Yamai. Da aka kula da su, sai suka hayayyafa. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko 8 a mota daga Kure aka kawo su Gadabeji, bayan kusan shekara 50 ba a ga ko ɗaya a can ba.

To, wa zai tsare su? Ma'aikatan gandun daji suna iyakar ƙoƙarinsu, amma ba su da yawa, daji kuwa ba shi da ƙyaure. Wata doka ta 1961 ta shata iyakar noma daga arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo. Kowa ya san gonaki sun daɗe da tsallake wannan iyaka. Dalili shi ne gona ta gaji, manomi ya matsa gaba. Da ya matsa, sai makiyayi ya rasa wurin kiwo, shi ma ya matsa. Ƙarshen turereniyar nan a bakin gandu take tsayawa, wani lokaci kuma har da zubar da jini. A ganina, gyaran tsohuwar gona shi ne rabin tsaron Gadabeji.

A nan ne aikin mutanen Japan ya shafe mu. Japan ƙasa ce ta tsibirai a gabashin Asiya, kuma kashi 2 cikin 3 na ƙasarta daji ne. Suna da wata kalma, satoyama, wato dajin da ke bayan ƙauye, wanda mutane ke cin amfaninsa suna kuma kula da shi. A 2010, a babban taron duniya kan kare halittu da aka yi a birnin Nagoya, ma'aikatar muhalli ta Japan da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa wani ƙawance da wannan suna. Manufarsa ita ce a kula da gonaki da makiyaya da ke kewaye da gandu kamar yadda ake kula da gandun kansa.

Hukumar da gwamnatin Japan ke taimakon ƙasashe da ita sunanta JICA. Ba jikar kuɗi ba ce, ba kuma jikan kowa ba ne, haruffan farko ne na sunanta. Daga 1993 zuwa 2001 matasanta ƴan sa-kai sun zauna da mutanen Kare Goru, a bakin kogin Kwara kusa da Yamai. Sun yi renon itatuwa tare da su, da shingen itace mai rai, da aikin garka.

Amma dabarar da ta fi dacewa da jigawarmu ita ce wadda masanan Jami'ar Kyoto da na cibiyar binciken noma ta Japan, JIRCAS, suka gwada a tashar Sadore, kudu da Yamai. Sun lura cewa albarkar jigawa tana bisa-bisa ne, a ƴar ƙasar sama mai ɗauke da ruɓaɓɓen haki da ganye. Ita ce kuma guguwar gabas ke kwashewa a farkon damina, lokacin da gona take tsirara.

Ga yadda ake yi. Ranar shuka, sai manomi ya bar wani zirin ƙasa a cikin gona, mai faɗin mita 5, wato kamar taki 6 ko 7 na babban mutum. Zirin zai miƙe daga kudu zuwa arewa, don ya tare iskar gabas. Ba a shuka shi, ba a nome shi. Ciyawa za ta fito da kanta. Idan gonar babba ce, sai a bar ziri fiye da ɗaya. Bayan girbi ba a yanke ciyawar, ba a ƙona ta. Duk rani, har zuwa guguwar farkon damina, ita za ta riƙa kama ƙasa da dattin da iska ta ɗauko. Da damina ta dawo, sai a shuka hatsi a tsohon zirin, inda taki ya taru, a bar sabon ziri a jikinsa ta gabas. Haka za a riƙa matsawa kowace shekara. A taƙaice, saura ce a cikin gona, ba tare da an bar noman gonar ba. Ba ta cin kuɗi, kuma ta rage wa manomi aiki.

Tana da wahalarta. Maƙwabci zai ce lalaci ya hana ka noma. Masu kalar ciyawa za su zo da manjagara a rani. Dabbobi ma za su ci, ko da yake su kan bar kashinsu a wurin, wannan kuwa riba ce. Shi ya sa ya fi kyau a yi shawara a gaban mai gari, tare da makiyaya, kafin a fara.

A wajen Dogon Dutsi kuma, wani malamin Jami'ar Kyoto, Shuichi Oyama, ya shimfiɗa sharar gari a kan fako. Gara ta zo cin sharar, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga, ciyawa ta tsiro, makiyaya suka samu abin kiwo. Wanda zai gwada wannan, ya fara tsince batir da allurar likita da fasasshiyar kwalba da leda. Leda tana kashe dabbar da ta haɗiye ta. Kada a bar yara su taɓa shara da hannu, kuma a wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci, bayan an karanta wannan shafi, ku fita da ɗalibai zuwa gona mafi kusa. Kowa ya nuna gabas, ya auna taki 7, ya rubuta a littafinsa inda zirinsa zai bi a damina mai zuwa.